Gilashin mota ya ƙi tashi: a gyara, a sayi na Beljiyam, ko a sa sabo?

Duk mai tsohuwar mota a Jos ya san wannan ciwon kan. Ka danna maɓalli gilashi ya taso rabi ya cije, ko ka ji ɗan moton lantarkin da ke ɗaga shi na kuka a cikin ƙofa gilashin kuwa ko gezau, ko ka faɗa wani rami ka ji ƙwal, ka waiga ka tarar ya zurma cikin ƙofa gaba ɗaya. Garin nan dama ba a cika kunna esi ba, iskar Allah ta wadatar, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 har masu kunnawar sun rage. Ga shingayen bincike, ga sayen dankali da karas a bakin hanya, ga gaishe-gaishe a kowace kwana. Gilashin direba yana shan aiki, motar kuma ta riga ta ba shekara 20 baya.

Hanyoyi biyar ne a gabanka: a gyara wanda ke ciki, a sayo na Beljiyam (wanda aka ciro daga tsohuwar motar ƙasar waje), a sa sabo ɗan kasuwa (wanda ba kamfanin motar ne ya yi ba), a yi odar sabo na kamfanin motar, ko a mayar da ƙofar ta hannu. Akwai ta shida, wato a kafe gilashin da katako a manta da shi. Babu guda ɗaya da ta fi sauran a kowace mota. Abin da ke raba gardama shi ne irin injin ɗaga gilashin da ke cikin ƙofarka, da kuma wace ƙofa ce ta lalace.

## Abin da za a auna su da shi

Na farko kuɗi. Ba kuɗin kayan kaɗai ba, har da kuɗin aiki da yawan buɗe ƙofa. Duk lokacin da aka ɓalle murfin ƙofar tsohuwar mota sai wasu daga cikin 'yan maƙalan robar da ke riƙe shi sun karye, bayan buɗewa uku ko huɗu murfin ya fara kaɗawa yana damunka da ƙara. Aikin araha da za a maimaita sau uku ya fi na tsada tsada. Farashin kayan kuwa dala yake bi, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ba ya zama wuri ɗaya, don haka da junansu za mu gwada su.

Na biyu ƙarko. Na uku sauƙi: za a samu a kasuwar kayan gyara ta Dilimi a Jos yau, ko sai an aika Ladipo a Legas ko Anaca a jira mota? Na huɗu haɗari, kuma a nan akwai shi da gaske: yatsa, gobara, gilashin da ke tarwatsewa, da wuyan yaro.

Amma duk waɗannan suna sauya amsa gwargwadon irin injin, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai almakashi: hannuwa biyu na ƙarfe a gicciye, da faifan ƙarfe mai haƙora wanda moto ke juyawa. Kusan duk jikinsa ƙarfe ne, roba kaɗan ce a wurin da yake zamewa. Shi za ka tarar a ƙofofin gaba na tsofaffin Toyota irin su Camry 'yar 1997 zuwa 2001 da ake ce wa Pencil. Akwai kuma mai waya: moto yana juya wata gangar roba, gangar tana naɗe siririyar wayar ƙarfe da ta bi ta kan 'yan tayoyin roba, wayar tana jan maƙalin da ya riƙe gilashi. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi araha a ƙera, shi ya sa kamfanoni suka koma kansa. Shi ne a Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 da ta 2003 zuwa 2007 da ake ce wa EOD, shi ne kuma a Golf 4. Mai almakashi moto ne yakan fara gajiya ya bar ƙarfen lafiya lau. Mai waya kuwa robar ce ke fara mutuwa ta bar moton da ransa. Wanda ya riƙe wannan bambancin ya gama rabin zaɓi.

## Ka fara tabbatar da cewa injin ne

"Alhaji, injin ne ya tafi, sai an canja." Sau da yawa za ka ji wannan tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. Kafin ka yarda, akwai gwajin da za ka yi da kanka a ƙofar gida. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da mota ba, kunna fitilar cikin mota, sannan ka danna maɓallin kana kallon fitilar. Idan haskenta ya ɗan dushe, wuta tana isa moto, wani abu ne ya riƙe shi. Idan ko ƙiftawa ba ta yi ba kuma ba ka ji komai ba, zargin ya koma kan fis, ko maɓallin, ko waya. Idan dukkan gilasai huɗun suka mutu lokaci guda, ba inji huɗu ne suka lalace rana ɗaya ba, a duba fis da babban maɓallin direba. Idan na baya ne suka ƙi aiki daga wurinsu amma suna amsawa daga wurin direba, duba ɗan makullin nan na hana yara wasa, an sha kwance ƙofa a banza saboda shi. Idan gilashin yana aiki ƙofa a buɗe ya ƙi a rufe, wayoyin da ke cikin bututun robar nan tsakanin ƙofa da jikin mota ne suka tsinke saboda lanƙwasar shekaru. Idan kuwa sai ka bubbugi ƙofar da tafin hannu yake tashi, kabon ɗin moto ne ya cinye, wato 'yan guntayen gawayin da ke kai masa wuta. Ƙarar gurzar ƙarfe ko ta tauna tsakuwa, wannan waya ce ta warware a kan ganga, ka daina dannawa.

Maɓallin direba yana bukatar kulawa ta musamman. A watan Oktoban 2012 kamfanin Toyota ya yi kiran a dawo da motoci sama da miliyan 7 a duniya don gyara, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2009, saboda wannan maɓallin yana danƙo, kuma ya yi gargaɗin cewa fesa masa man sassauta ƙarfe na kasuwa na iya sa shi narkewa ko kama wuta. A watan ne kuma Honda ta kira CR-V ta 2002 zuwa 2006 saboda ruwan sama na shiga maɓallin. Motocin nan suna nan cike da titunanmu. Saboda haka in maɓalli ya fara cijewa ko ɗumi, a buɗe a goge shi da abin goge kayan lantarki ko a canja, kada a ɗura masa mai. Kuma in fis yana ta ƙonewa, kada ka bari a ɗaure shi da wayar tagulla ko a yi maka dairek daga batir. Fis ɗin ne ke tsakanin motarka da gobara.

## Gyaran wanda ke ciki

Nan gyara biyu ne masu suna ɗaya, kuma ba sa kama da juna ko kaɗan.

Gyaran moto shi ne aikin da na fi yarda da shi a cikin jerin nan duka. Mai wayarin zai kwance 'yan sukurori ya zare kwanon ƙarfen, amacha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin moton, ta fito. Za ka ga zoben tagullan da ke bakinta ya yi baƙi ƙirin da garin kabon, burushin kabon guda biyu sun cinye saura ɗan guntu, sifirin ɗin bayansu ya miƙe iyakarsa ba ya iya danna su. Tsohon giris ya daskare ya koma ruwan ƙasa. Sai ya goge tagullan da sanfefa mai laushi har ya yi ja, ya ƙwaƙule tsakanin haƙoransa, ya ɗauko sabon kabon ya gurza shi da fayil har ya shiga gidansa ba tare da ya cije ba, ya liƙa wayarsa da dalma, ya sa sabon giris a kan haƙoran. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba, kuɗin hannu ne kusan duka. Moton da ya zo da motar, wanda a Toyota za ka ga an rubuta Denso a jikinsa, a Honda sau da yawa Mitsuba, a motocin Jamus Bosch ko Brose, in aka yi masa haka yakan ƙara shekaru. Inda gyaran ba ya ci shi ne in koyil ya ƙone, za ka ji ƙaurin tun kafin a gama buɗewa, ko in haƙoran giyar robar da ke cikinsa sun zube.

Haɗarin yana wurin cirewa. Yawancin injin almakashi yana da wani sifirin mai ƙarfi a naɗe wanda ke taya moto ɗaukar nauyin gilashi. In aka zare moton ba a kulle faifan da noti ba, hannuwan ƙarfen za su rufe da ƙarfin da zai iya fasa yatsa. Ba aikin da za a bar wa ƙaramin yaron shago ba ne, kuma ba wanda za ka gwada a gida ranar Asabar ba.

Gyaran waya kuwa wani labari ne. Abin da aka saba shi ne a samo wayar birkin keke ko ta kulocin babur, a yanka, a naɗa a kan tsohuwar gangar, a dunƙule bakin da dalma. Ranar zai yi aiki, har ka yi wa mai aikin addu'a. Matsalar ita ce tsayin wayar dole ya zo daidai, in ta yi sako-sako za ta sauka daga ramin gangar ta cukurkuɗe, in ta yi tsauri za ta ci 'yan tayoyin. Sannan wayar farko ba a banza ta tsinke ba: ko ramukan gangar sun cinye, ko taya ɗaya ta tsage, kuma suna nan inda suke. Kuɗinsa kaɗan ne, ƙarkonsa sai abin da Allah ya yi, kuma ranar da zai saki gilashin ƙasa zai faɗa, ba sama ba. Abin da ya fi wannan shi ne 'yan ƙunshin kayan gyara da ake sayarwa na wasu motoci, waya da ganga da maƙalai a leda ɗaya. Golf 4 ta yi suna wajen karyewar maƙalan robar da ke riƙe gilashin gaba, har aka koma yin su da ƙarfe. In ka samu masu ƙarfen, kuma mai aikin ya taɓa naɗa irinsa, gyara ne na gaske. In zai koya ne a kan motarka, za ku wuni.

## Na Beljiyam

Shi ne zaɓin da kowa ke fara ambata, da hujja: kayan kamfani ne na ainihi, ramukan noti suna zuwa daidai, soket yana shiga ba yanke waya, kuma na sanannun motoci ba ya wuyar samu a Dilimi. Kuɗinsa matsakaici ne, ya fi gyara, bai kai sabo na kamfani ko kusa ba.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Yaron shago zai jawo batir daga ƙarƙashin benci, ya ɗora bakin waya biyu, injin ya yi sama, ya juya wayoyin ya yi ƙasa. "Ka gani ko, Oga? Kamar sabo." Abin da ka gani shi ne moton yana da rai, shi ke nan. Inji ba gilashi a kansa ko gajiyayye ne zai yi gudu. Ka sa a danne maƙalin da hannu yana tafiya, ka ji ko zai ja ko zai yi nishi. Ka bi wayar da tsumma a hankali daga farko zuwa ƙarshe, in tsumman ya sarƙe a wani wuri to zare ɗaya ya riga ya tsinke, sauran suna hanya. Ka kai shi haske ka duba tayoyin da maƙalan ko akwai tsaga. Ka duba kan sukurorin moton, in sun sha sukundireba an taɓa buɗe shi. Akwai kuma wanda ba Beljiyam ɗin ba ne, daga motar da aka yanka a nan gida aka ciro shi aka wanke da fetur, ya sha irin ƙurar da naka ya sha. Ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka biya, a sa masa alama da fenti, kuma ka tafi da tsohon naka a hannu, domin na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, na mota mai ƙofa biyu ba ya shiga mai huɗu, moto mai ƙafa biyu a soket ba ya maye gurbin mai shida.

Hukuncina a kansa ya rabu biyu. Na almakashi, saya ba fargaba, ƙarfe ba ya tsufa a ajiye. Na waya kuwa ka tuna tsarar motarka ne. Robarsa ta yi shekarun da taka ta yi, kamar bokitin roba ne da ya daɗe a rana, a ido lafiya lau, ka ɗauke shi da ruwa hannun ya ɓalle. Na ƙofar baya da dama-dama, don a ƙasashen da ya fito ba a cika sauke gilashin baya ba. Na ƙofar direba kuwa shi ne wanda ya fi kowanne shan wahala tun a can.

## Sabo ɗan kasuwa

Nan ne ake cin riba, nan ne kuma ake cin mutane. Kwali iri ɗaya, kaya hawa-hawa. Akwai na kamfanonin da suka yi suna a kayan gyara irin su Valeo, Aisin da Dorman, akwai kuma wanda ko adireshin mai yin sa babu a jiki. Na ƙasan yakan yi daidai da kuɗin na Beljiyam ko ƙasa da shi, na saman ya ɗara. Ka ɗora shi a hannu ɗaya, tsohon naka a ɗaya. In sabon ya yi shafal, ƙarfen ya lanƙwashe da ɗan matsi, ajiye shi. Ka jera ramukan notinsu. Da zarar ka ji mai aiki ya ce "ba komai, za mu ɗan faɗaɗa ramin", to gilashin zai zauna a karkace, zai riƙa gurzar roba, iska ta riƙa yi maka fito a kunne daga Hawan Kibo har Akwanga.

Raunin ɗan kasuwa ya fi yawa a moto: ƙara, sanyin jiki, kuma sau da yawa mai ƙafa biyu ne, sai ka rasa atomatik ɗin nan na danna sau ɗaya, tare da dabarar da ke mayar da gilashi ƙasa in ya matse hannu. Ƙarfinsa kuwa yana wurin da na Beljiyam ya gaza, wato sabuwar roba da sabuwar waya. Shi ya sa shawarar da na fi bayarwa ga masu injin waya ita ce haɗin gambiza: a sayi sabon firam ɗin kaɗai, wato jikin injin wanda ba moto, a ɗora masa tsohon motonka bayan an duba kabon ɗinsa. Ya fi sayen cikakke araha, kuma kowane ɓangare an ɗauko shi daga inda ya fi kyau. A Golf 4 ma kusan dole ne, domin ƙwaƙwalwar ƙofar tana manne da moton, in aka sa wanda lambarsa ba ta dace ba sai makullin ƙofa ko madubi ya fara rashin ji.

## Sabo na kamfanin motar

Ba a doguwar magana a kansa. Ya fi kowanne ƙarko, yana shiga ba gardama, kuɗinsa ninki-ba-ninki. Da lambar shasi mai harafi da lamba 17 ake odarsa, a jira shi daga Legas ko Dubai, kuma na motar da ta tsufa sosai mai yiwuwa an daina yi. Babban haɗarinsa aljihu ne: ka biya kuɗin orijina a ba ka jabu a kwali mai tambarin kamfani. In ba ka da dilan da ka amince da shi, gara sananne ɗan kasuwa da ka san abin da ka saya.

## A mayar da shi na hannu

Mutane suna raina wannan, direbobin haya kuwa sun san darajarsa. Ba fis, ba maɓalli, ba moto, ko batir ya mutu gilashi zai sauka. Sharaɗinsa ɗaya ne: kamfani ya taɓa yin motar da na hannu, ta yadda injin zai hau ramukan da ke jikin ƙofar. Golf 3, Vectra, ƙofofin bayan Peugeot 406 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 duk an yi su da irinsa. Sai a huda murfin ƙofa a daidai inda sandar za ta fito, ko a sayo murfin da ya zo da ramin. In kuwa sai an yi walda kafin ya zauna, ka haƙura, gilashin ba zai taɓa tafiya a miƙe ba.

Abin da za ka rasa shi ne iko daga kujerarka. Hadari ya taso, ko ka shiga cunkoson Terminus inda ake fizge waya, ba ka da yadda za ka rufe gilashin baya sai ka roƙi fasinja. Kowa ya san motar hayar da hannun wainin guda ɗaya ne, yana ajiye a gaban direba, in ruwa ya sauko a miƙa shi baya yana zagayawa daga ƙofa zuwa ƙofa. Kuma ranar sayar da mota dillali zai rage maka kuɗi a kansa.

## A kafe shi

Katako a ƙarƙashin gilashi daga cikin ƙofa, ko a ɗaure maƙalin a saman layinsa. Kusan kyauta ne. In za a yi, a cire soket ɗin moton, don kada yaro ya danna ya ƙarasa abin da ya rage. Takarda ko sukundireba da ake cusawa ta gefen roba ba sa riƙewa, rami ɗaya ya ishe su, kuma gilashin gefe ba tsagewa yake yi ba, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin samu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gyaran moto | kaɗan | mai kyau in koyil bai ƙone ba | a wuni ɗaya | sifirin ɗin almakashi |
| Gyaran waya da wayar keke | kaɗan | ba tabbas | a wuni ɗaya | gilashi ya sake faɗawa |
| Na Beljiyam, almakashi | matsakaici | mai kyau | akwai a gari | a ba ka na gida |
| Na Beljiyam, mai waya | matsakaici | sai sa'a | akwai a gari | tsohuwar roba |
| Sabon firam da tsohon moto | matsakaici | mai kyau | ya danganta da mota | ramukan noti su saɓa |
| Sabo ɗan kasuwa cikakke | kaɗan zuwa sama | hawa-hawa | akwai a gari | raunin moto, rasa atomatik |
| Sabo na kamfani | mai yawa | ya fi duka | sai oda | jabu |
| Na hannu | kaɗan zuwa matsakaici | mai kyau ƙwarai | wasu motoci kawai | rashin iko da ƙofofin baya |

## Abin da zai kashe ko wanne ka zaɓa

Yawancin injunan nan ba su mutu don kansu ba, robar da gilashi ke bi ce ta kashe su. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu roba takan ƙage, giris ya yi kauri, batir ya yi sanyi, ga ƙurar hunturu ta cika hanyar gilashin. Moto yana ja, waya tana miƙewa, tsohuwar roba tana tsagewa. In ka sa sabon inji a wannan hanyar ba ka wanke ta ba, ka sa shi a layin wanda ya gada. A sauke gilashi, a wanke cikin robar da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, ta bushe, a fesa silikon. Ba baƙin mai ba, wanda ke kumbura roba ya kama ƙura, ba kuma man birki ba, wanda ke cin fenti. Layin ƙarfen ciki shi ne mai son farin giris. A yi haka da shigowar hunturu da kuma gabanin damina.

Ka tsaya a kan mai aiki wajen abu uku. Ledar nan da ke manne a bayan murfin ƙofa ba ado ba ce, ita ke hana ruwan Yuli da Agusta isa ga maɓalli da sifika, kada a yage ta a jefar. A buɗe ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa da laka ta toshe. Kuma a cire kan batir kafin a fara, musamman a wasu Marsandi da BMW na ƙarshen shekarun 1990 da ke da jakar iskar haɗari a cikin ƙofa. In an mayar da batir atomatik ya ƙi, a motoci da yawa ɗaga gilashin za ka yi har ƙarshe ka ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo hayyacinsa, ba wani abu ne ya sake lalacewa ba.

## Wa ya dace da wanne

Mai Pencil ko wata tsohuwar Toyota mai almakashi: a buɗe moton tukuna. In kabon ne, an gama. In ya ƙone, na Beljiyam.

Mai EOD, ko Accord ɗin da ta gabace ta, ko Golf 4, kuma ƙofar direba ce: sabon firam, tsohon moto. Kada ka sayi tsohuwar roba don ƙofar da za ka sauke sau ba adadi a rana. In ƙofar baya ce, na Beljiyam da ka bi da tsumma ya wadatar, amma in yara ne ke zama a wurin ka tabbata makullin hana wasa yana aiki, domin yawancin tsofaffin motoci gilashin bayansu ba ya ja da baya in ya matse wani abu.

Direban haya mai Vectra ko Golf 3 a hanyar Bauci ko Abuja: na hannu a baya, kowace ƙofa da hannunta, na lantarki a ƙofarka.

Wanda ya yi niyyar riƙe motarsa shekaru masu yawa kuma yana yawan doguwar tafiya: ya kashe kuɗin na kamfani ko na sanannen suna a ƙofar direba kaɗai, sauran ukun ya bi da su ta hanya mai sauƙi.

Mai shirin sayarwa nan kusa: na Beljiyam, don atomatik ya ci gaba da aiki, kuma ya gaya wa mai saye abin da aka canja.

Wanda gilashinsa ya faɗa a tsakiyar damina aljihu kuma babu nauyi: a kafe shi daga ciki, a cire soket, a jira ƙarshen wata. In ƙofar direba ce kuwa, gyaran wayar keken ma ya fi katako, don ba za ka riƙa buɗe ƙofa a kowane shingen bincike ba. Sai dai ka fara tara kuɗin firam tun ranar.